Da Me Aka Yi Shi? Kayan Asibiti Tsakanin Jikin Mutum da Zafin Arewa

Duk wanda ya taɓa jinyar mai karaya a Garwa ko Marwa ya san gardamar da ke tashi da zarar likita ya ɗaga hoto ya ce sai an sa ƙarfe. Dangi kan rabu biyu: masu cewa a bar likita ya yi aikinsa, da masu cewa a ɗauke yaro a kai wa mai ɗori, domin ƙarfe yana tsatsa kuma yana jawo sanyi. Tun da babura suka cika garuruwanmu, 'yan kilando suka zama motar kowa, gardamar ta zama ta kullum. Kuma masu tsoron tsatsa ba wauta suke yi ba. Cikin jikin mutum wuri ne mai ɗumi, digiri 37 dare da rana, ga ruwa ga gishiri. Ƙusar kafinta ba za ta yi wata guda a irin wannan wuri ba tare da ta yi tsatsa ba. To yaya ƙarfen likita ke yin shekara goma a cinya lafiya lau?

Sirrin yana wurin haɗi. Idan aka narka ƙarfe aka zuba masa wani ƙarfe mai suna kuromiyom ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye, kuromiyom ɗin yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata fata siririya a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani. Ita ke tsare ruwa daga isa ga ƙarfen, kuma ko an karce ta tana sake rufewa da kanta. Wannan shi ne abin da 'yan kasuwarmu ke kira inoks. Amma inoks iri-iri ne. Wanda ake dasawa a ƙashi, mai lamba 316L, yana ɗauke da kuromiyom kusan kashi 18, nikel kusan kashi 14, da wani ƙarfe mai suna molibdenom kashi 2 zuwa 3, wanda aikinsa shi ne jure gishiri. An kuma rage masa sinadarin gawayi ƙwarai, don yawansa kan raunana waccan fata. Inoks ɗin cokula da tukwane ba shi da wannan haɗi, amma idan aka goge su biyun aka ajiye a tire ɗaya, babu likitan da zai bambance su da ido. Abin da ke bambanta su takarda ce: sunan maƙera, lambar rukunin da aka ƙera, da shaidar gwaji. Shi ya sa dangin da aka tura su sayo faranti da sukurorin ƙashi a waje, aka miƙo musu a leda babu ko rubutu, suna da haƙƙin tsayawa su tambaya.

Akwai kuma titaniyom, wanda ake faɗar sunansa kamar shi ne ƙarshen magana. Gaskiya yana da falala. Nauyinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na inoks ba, kuma ƙashi yana sonsa. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya gano haka a 1952, lokacin da ya dasa ɗan titaniyom a ƙashin zomo don wani bincike daban, da ya zo cirewa ya tarar ƙashin ya manne masa. Daga nan dashen haƙori na zamani ya samo asali. Sai dai wannan mannewa alheri ce ga abin da ake so ya zauna har abada, wahala ce ga farantin da za a cire bayan karaya ta warke. A yawancin karayar cinya da ƙwauri, inoks mai kyau yana yin aikin daidai, kuma ban ga dalilin da zai sa magidanci ya sayar da sa biyu don kawai a ce titaniyom aka sa wa ɗansa ba, sai idan likita ya faɗi hujjar da ta shafi wannan karayar. Sandar da ƙungiyar SIGN, wadda likita Lewis Zirkle ya kafa a Amurka a 1999, ke rabawa asibitocin ƙasashe matalauta, da inoks aka yi ta. Cigabanta ba a ƙarfen yake ba, a tsarin yake: an ƙera ta yadda za a zura ta cikin ɓargon ƙashi a ɗaure ba tare da na'urar hoto mai tsada a ɗakin tiyata ba.

Abin mamaki shi ne ƙarfen da ke cikin majinyaci ya fi samun zaman lafiya a kan wanda ke hannun likita. Almakashi da hantsaki da wuƙar tiyata ana yin su da wani inoks dabam, mai ƙarin sinadarin gawayi da ƙarancin kuromiyom, don ya yi tauri ya riƙe kaifi. Farashin taurin shi ne ba ya jure gishiri sosai. Kuma a ɗakunan haihuwa da na wankin rauni da yawa, abin da ake fara yi wa kayan bayan aiki shi ne a tsoma su a ruwan jabel, wato bilic. Al'adar ta kafu ne a shekarun da ƙanjamau ya firgita duniya, aka koyar da ma'aikata su jiƙa kaya minti goma don kare mai wanki. Minti goma kan zama awa guda idan aiki ya yi yawa, wani lokaci kayan su kwana a bokiti. Sinadarin kulorin da ke cikin jabel shi ne babban abokin gabar waccan fata ta kuromiyom. Yana huda ta ƙanana-ƙanana, musamman a mahaɗar almakashi da haƙoran hantsaki, jini da datti su maƙale a ramukan inda buroshi ba ya kai. A jagorar da ta fitar a 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina jiƙa kayan tiyata a ruwan kulorin kafin wanki, a wanke su da sabulun da ya dace, mai wankin ya sa safar hannu mai kauri da kariyar fuska. Takarda ta canza, bokiti bai canza ba. Daga baya sai a ce kayan Pakistan ne marasa kyau. Eh, garin Siyalkot na can yana ƙera kaso mai yawa na kayan tiyatar duniya, masu kyau da na banza, har da waɗanda kamfanonin Turai ke saye su buga sunansu. Amma ko daga Jamus aka kawo almakashi, jabel ba ya duba fasfo.

Bayan wanki sai kashe ƙwayoyin cuta, nan ma abin da aka yi kaya da shi ne ke yanke hukunci. Tukunyar tururi tana aiki a digiri 121 na aƙalla minti 15, ko 134 na 'yan mintoci, amma tana son ruwa marar gishiri, kuma ruwan rijiyar burtsatse kan toshe ta da farin dutse ya bar tabo a kaya. Tandar busasshen zafi, wadda ma'aikatanmu ke kira fufinel, tana buƙatar digiri 170 na awa guda cur, kuma idan aka buɗe ƙofa a tsakiya don ɗauko hantsaki ɗaya, lissafi ya koma farko. Ƙarfe yana jure ta. Roba ba ta jurewa.

Kuma yawancin abin da ke taɓa majinyaci a yau roba ce: sirinji, ledar ƙarin ruwa, jakar jini, robar fitsari, safar hannu. Tsofaffi suna tuna zamanin sirinjin gilashi da ake tafasawa a sake amfani da shi, wasu har suna yabonsa da cewa ba ya ƙarewa. Tarihi bai yabe shi ba. A Masar, daga shekarun 1950 zuwa na 1980, an yi wa miliyoyin mutane allurar maganin tsargiya da sirinjin da ba a tafasa yadda ya kamata ba, ƙasar ta wayi gari a sahun gaba na duniya a ciwon hanta nau'in C. A kudancin Kamaru ma, masu bincike sun danganta yawan wannan ciwo a tsakanin tsofaffi da alluran gayya na zamanin mulkin mallaka. Sirinjin roba mai amfani sau ɗaya amsa ce ga wannan masifa, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a koma ga wanda ke kulle kansa bayan an danna shi sau ɗaya. Lamba 2 da aka ja wa layi a cikin da'ira a jikin fakiti, ma'anarta kada a maimaita.

Tun da zafi yana narka roba, a masana'anta ake tsarkake irin waɗannan kaya, ko dai da wata iska mai guba da ake kira etilin oksaid, ko da wani haske marar ganuwa da ake kira gama, mai fitowa daga sinadarin kobal. Shi ya sa fakitin sirinji gefe ɗaya leda ne, gefe ɗaya takarda: takardar tana barin iskar ta shiga ta fita, amma tana hana ƙwayar cuta. Ke nan fakitin wani ɓangare ne na na'urar. Idan ya huje, ko ya jiƙe ya bushe, ko manninsa ya saki, abin da ke ciki ya tashi daga tsarkakakke ko da yana ƙyalli. Ranar ƙarewar aiki da ke kusa da hoton ɗan gilashin yashi, alkawari ne na maƙera cewa roba da manni za su riƙe har zuwa wannan rana, da sharaɗin an ajiye su a inuwa, a bushe, a zafin da ya rubuta, wanda galibi ba ya wuce digiri 25 ko 30.

A nan ne taswirarmu ke shigowa. Kwantena ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, inda iska ke ɗiga da laima. Ta jira takardun kwastan. Ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda dogo ya ƙare, ko ta bi hanya tun daga farko. Daga nan tirela ce zuwa Garwa, Marwa, Kuseri, a haye gadar Ngeli a shiga Njamena, tafiyar kusan kilomita 1,800 daga teku. A watan Maris zuwa Mayu zafin inuwa a wannan yanki yana haura digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana. Wanda ya rubuta digiri 25 bai taɓa tsayawa a layin motoci a Kuseri a watan Afrilu ba. Bayan duk wannan, wani kason kayan yana ƙarewa a teburin mai sayar da magani a bakin kasuwa, rana na dukansa daga hantsi zuwa la'asar.

Robar da aka tatso daga itace, wadda ake yin safar hannu da robar fitsari mai ruwan ɗorawa da ita, ita ta fi shan wahala. Zafi da hasken rana suna tsinka ta a hankali, sai ta yi danƙo ko ta yi gautsi, ungozoma ta zura hannu ta yage. Wanda ke tsage a fili ma da sauƙi, an gan shi. Mai hatsarin shi ne mai ƙananan huji da ba a lura da su ba. Abin takaici a gefe guda: Kamaru tana noman itacen roba, a Niyete kusa da Kiribi da kuma gonakin Kudu maso Yamma, ana fitar da ɗanyarta, mu kuma mu sayi safar hannu daga Malesiya da Tailan. Game da robar fitsari kuwa, bambancin ta itace da ta silikon ya wuce na farashi. Ta itacen ta 'yan kwanaki ce zuwa 'yan makonni, tana saurin tara dutse kuma wasu jikinsu ba ya karɓarta. Ta silikon zalla tana iya kai wa mako 12. Dattijon da ke fama da toshewar fitsari a ƙauyen da ke nesa da Mokolo ko Yagwa, wanda kowane canji ke cin masa kuɗin mota da yini guda, mai tsadar ce ta fi masa araha, amma sau da yawa babu mai yi masa wannan lissafi.

Jakar jini da bututun ƙarin ruwa kuma da PVC ake yin su, robar bututun famfo, wadda asalinta mai tauri ce. Ana tausasa ta da wani sinadari mai suna DEHP, wanda kan kai kashi 30 zuwa 40 na nauyin jakar, kuma ba ya zama wuri ɗaya, yana tsatsowa cikin abin da aka zuba. An daɗe ana damuwa da illarsa ga bakwaini da jarirai maza, Turai tana ta ƙoƙarin raba kanta da shi. Abin da ya sa aka kasa yar da shi da wuri shi ne, shi ɗin dai yana taimaka wa jajayen ƙwayoyin jini su daɗe ba su fashe ba, a jakar da ake ajiyewa kwana 35 zuwa 42. Ga mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, wannan ba abin tsayawa tunani ba ne. Inda ya kamata mu damu shi ne bayan an gama amfani da jakar: PVC da aka ƙona a rami ko a ganga yana fitar da dayoksin, guba mai zama a ƙasa da kitsen dabbobi. Sai wuta ta haura digiri 800 ake rage shi, kuma ramin da ke bayan ƙaramin asibiti, inda awaki ke kiwo, ba ya kai ko kusa.

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai iya cewa ai magana ta koma ga araha ba ta ado, a sayi na Turai a huta. Ban yarda ba, kuma ga dalili. A 1949, a asibitin St Thomas da ke Landan, likitan ido Harold Ridley ya dasa ƙwayar ido ta roba ta farko, wadda ke maye gurbin wadda yana ta rufe, bayan ya lura cewa ɓarɓashin murfin jirgin yaƙi da ya shiga idanun matuƙa yana zama ba tare da ido ya kumbura ba. Shekaru da yawa wannan ƙwaya ta fi ƙarfin talaka, tana kai wa dalar Amurka 100 ko fiye. Da masana'antar Aurolab ta buɗe a Madurai ta Indiya a 1992, sannan wasu biyu a Asmara da Katmandu a 1994, farashin ya faɗo ƙasa da dala 10, kuma robar ita ce dai. Irin wannan ƙwaya ce ta sa aikin yanar ido ya zama abin da ake yi wa ɗaruruwan tsofaffi a gayya ɗaya. Wanda ya fi wannan ban mamaki shi ne ragar ɗinkin ƙaba. Likitoci a karkarar Indiya suka lura cewa wani irin gidan sauro, marar magani, zarensa ɗan'uwan na ragar da kamfanoni ke sayarwa ne. Aka gwada a Yuganda a kan maza kimanin 300, aka buga sakamakon a 2016: bayan shekara guda babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin ragar da ba ta kai dala ɗaya ba da wadda ta haura dala 100. Kada wani ya ji wannan ya yanko gidan sauron rigakafin zazzaɓi, wancan an jiƙa shi da maganin ƙwari, kuma ba kowane zare ke jure tururi ba. Abin lura shi ne an san zaren, an gwada shi. A ɗaya gefen kuma, a 2010 aka gano cewa kamfanin PIP na Faransa ya yi shekaru yana cika abin dashen nono da silikon na masana'antu maimakon na asibiti, ya sayar wa dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da dama, alhali tambarin CE na Turai, mai nuna kaya sun cika ƙa'ida, yana jikinsa. An yanke wa mai kamfanin ɗaurin shekara huɗu a 2013. Tambari yana da amfani, ya fi babu nesa ba kusa ba, amma ba ya maye gurbin mai dubawa.

Har na'urar da babu algus a cikinta tana iya zuwa da zaton da bai dace da mu ba. Ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini yana haska jan haske da wani marar ganuwa ta cikin fata ya lissafa. Wani bincike na Jami'ar Mishigan a 2020 ya nuna cewa yana ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da na farar fata, ya nuna lamba mai kyau alhali majinyaci yana cikin hatsari. Jan farce, baƙin lalle da sanyin yatsa su ma suna rikita shi. Ba a ce a jefar da shi ba, yana ceton rai kullum. An ce idan yaro yana haki, haƙarƙarinsa na lotsawa, kada a bar lamba 93 ta ƙaryata ido.

Na'urar da ta fi tara duk waɗannan matsaloli a ciki ɗaya ita ce mai tace iskar oksijin, wadda ta yawaita a asibitocinmu tun annobar korona. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ne oksijin, kashi 78 naitirojin. Na'urar tana tura iska ta cikin wasu gwangwanaye biyu cike da ƙwayoyin wani ma'adini mai suna ziyolait, wanda ke aiki kamar rariya: ya riƙe naitirojin, ya bar oksijin mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama ya wuce. Abokan gabar ziyolait biyu ne, ƙura da laima, mu kuwa muna da su bi da bi. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gindin babban tafki, shi ne wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, har tana ƙetare teku ta sauka a dajin Amazon. Kafin ta kai can, da hunturu, a kanmu take fara bi. Tana toshe matatar na'urar, injin ya yi zafi. Da damina kuma laima ta shiga ziyolait ta kashe shi, musamman idan na'urar ta yi watanni a ajiye ba a kunna ba. Sai wuta: na'urar tana cin wat 300 zuwa 600 ba tsayawa, arewacin Kamaru kuwa ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72 tun 1982, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwa ya ja. A Chadi kusan mutum ɗaya cikin goma ke da lantarki. Hawa da saukar wutar janareto ya fi ɗaukewar kashe injin.

Mugun halin wannan na'ura shi ne ba ta mutuwa a fili. Ziyolait ya lalace, amma tana ci gaba da ƙara, kwalbar ruwa na ɓulɓula, uwa na ganin an sa wa ɗanta iska, alhali abin da ke fita ya kusa zama iskar ɗaki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ƙarfin ya sauka ƙasa da kashi 82, kuma ba a sanin haka sai da ƙaramar na'urar awo da ake riƙewa a hannu, wadda ba kasafai ake haɗa ta cikin kyauta ba. Wasu masu bincike na Jami'ar Duke sun duba kayan asibiti sama da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka buga a 2011 cewa kusan kashi 38 ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo, rashin tsarin kula da kaya da rashin abubuwan more rayuwa. Da yawa gyaransu ƙarami ne: fis, batir, bututu, matata. Wasu ma tun ranar farko suka ƙone, don an aiko su daga Amurka da tsarin wuta 110 aka soka su a 220.

Ba a rasa masu tunani daga nan ba. Arthur Zang, injiniya ɗan Kamaru, ya ƙera wata na'ura mai suna Cardiopad don a ɗauki awon zuciya a ƙauye a tura wa likita a birni ta hanyar sadarwar wayar salula, ya ci lambar yabo ta Rolex a 2014. Amma abin da asibitin gunduma a Mora ko Bongor ya fi buƙata a yau bai kai ƙirƙira ba. A takardar odar kaya a rubuta cewa na'ura ta jure digiri 40 da laima mai yawa, ta zo da na'urar daidaita wuta, matatu da gwangwanayen ziyolait na shekara biyu, da littafin gyara da Faransanci. A ma'ajiyar magani a sa ma'aunin zafi a bango, a ɗaga kwalaye daga ƙasa, a nisanta su da kwano. Sannan a ɗauki mai gyara a ba shi albashi da akwatin aiki, ba a bar shi a matsayin yaron da ake kira idan janareto ya ƙi tashi ba. Matatar waje ta na'urar oksijin soso ce, ana wanke ta da ruwa da sabulu sau ɗaya a mako, da hunturu fiye da haka, a shanya ta bushe sarai kafin a mayar, don haka kowace na'ura tana buƙatar guda biyu.